Darasin Damina: Habub, Tsawa da Ruwan Kwari

'Yan'uwa mazauna sansani, damina, wadda ake kira harif a nan Sudan, tana farawa wajen watan Yuni, ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ta ja har Oktoba. Mai gidan bulo kan rufe ƙofa ya jira. Mu da muke kwana a tanti da rakuba ba mu da wannan gata, sai mu san halin hadari tun bai iso ba.

Rana kan gasa ƙasa tun safe, iska mai zafi da laima ta hau sama ta zama dogon gajimare, galibi da la'asar ko da dare. Daga cikinsa iska mai sanyi ke faɗowa da ƙarfi, ta kwashi ƙura ta turo ta gaba kamar jan bango. Wannan shi ne habub. Ko daga wajen Butana ya taso, ko daga tsallaken kogi wajen Hasahisa, mintoci kaɗan ne gare mu, kuma ruwa da tsawa na iya biyo bayansa.

Da mun hango shi, mu fara kashe wutar gawayi, domin garwashi ɗaya ya isa ya cinye layin tantuna. Mu ɗaure igiyoyi, mu danne kwanon rufi da buhun ƙasa, mu sa takardunmu a leda. Mu rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, musamman yara da masu asma.

Idan an yi walƙiya, mu ƙirga har mu ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. In ba mu kai 30 ba, aradu na iya riskar mu. Tanti ba ya kare mutum daga aradu. Mu shiga ginin makaranta ko masallaci. Kada mu fake gindin darbejiya, ko kusa da tankin ruwa da sandar lantarki, kada kuma mu tsaya bakin kogi. Bayan tsawa ta ƙarshe mu jira minti 30. Wanda aradu ta faɗa wa babu wuta a jikinsa: mu taɓa shi, mu duba numfashinsa, mu kira ma'aikatan lafiya nan take.

Baƙar lakar Jazira ba ta shanye ruwa da sauri, busasshen kwari kuma kan cika ko ba a yi ruwa a kanmu ba. A Agustan 2022 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Managil. A Satumban 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Khartum, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata 3. Ruwa mai gudu, ko iyakar idon sawu ne, yana iya kada babba. Kada mu tsallaka, kada mu aiki yaro.

Yau, tun sararin sama yana tsaf, kowane layi ya zauna ya tsayar da ginin da zai nufa, da wanda zai riƙo tsofaffi, da wanda zai ƙirga yara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu.