Kangaru: A Daji da Kuma a Gidan Zu

 Bana a darasin sanin ƙasa mun tsaya a kan kangaru, dabbar nan mai tsalle da ƙafafun baya, wadda macenta ke ɗauke da ɗanta cikin jaka a gabanta.

Ƙasarsa ta asali ita ce Ostireliya. Manyan iri huɗu ne, kowanne da yankinsa. Jan kangaru, wanda namijinsa kan kai kilo 90, shi ke zaune a tsakiyar ƙasar inda ruwa ya yi ƙaranci. Masu ruwan toka sun fi son gabas da kudu, wajen ciyawa da inuwar itatuwa, ɗaya kuma yana arewa mai zafi da damina. Akwai wasu ƙanana masu hawa bishiya a dazuzzukan tsibirin Niyu Gini da arewacin jihar Kwinsland.

To, jan nan shi ya fi ɗaukar mana hankali, don mu ma mun san fari. Da rana kwance yake a inuwa, yana lasar hannuwansa don jiki ya yi sanyi, sai rana ta yi ƙasa ya fita kiwo. Tsallen da muke gani kamar wasa, ai shi ke kai shi nesa neman ciyawa ba tare da ya gaji da wuri ba. Ana haihuwar ɗan bayan kwana 33 kacal, bai fi ƙwayar wake ba, ya rarrafa da kansa zuwa jaka, ya yi kamar wata 8 a ciki. Muddin ɗan yana shan nono a cikin jaka, sabon cikin da uwar ta ɗauka kan dakata da girma har sai ɗan ya kusa barin jakar. Abin mamaki ke nan!

A gidajen zu na Turai da Amurka da Asiya kuwa, abinci a shirye yake, amma wasu matsaloli kan taso. In wuri ya yi ƙunci aka cunkusa su, cutar kumburin muƙamuƙi kan kama su, musamman in abincin yana ji musu rauni a dadashi. Kashin kyanwa ma yana ɗauke da ƙwayar cuta mai kashe su. Kuma dabba ce mai saurin firgita: in aka yi ta korar sa don a kama, tsokarsa kan lalace, ya mutu ko da ba a buge shi ba. Shi ya sa a ganinmu, mai son ajiye kangaru ya fara tanadar fili mai faɗi da inuwa tun kafin ya kawo shi.

Wasu ma sun tsere. A shekarun 1970 wasu ƙananan dangin kangaru da ake kira walabi suka kuɓuce daga wani gandun dabbobi a Faransa, suka shige dajin Rambuye kusa da Paris, suka hayayyafa a can duk da sanyin hunturu.