Litar mai ba ta kai kilo ba

A kasuwar Gangara, da kwalba ko lita muke auna man gyaɗa. Amma ƙungiyoyin agaji irin su PAM, waɗanda suka raba abinci a ƙasar Nijar lokacin yunwar 2005 da ta 2010, da kilo da giram suke lissafa mai. Ya kamata mu san bambancin waɗannan ma'aunai biyu, domin kada a cuce mu, mu ma kada mu cuci kowa.

Lita tana auna cikar mazubi. Kilo yana auna nauyi. Kilo 1 giram 1000 ne. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne cif. Mai kuwa bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa saman miya. Lita 1 ta man gyaɗa nauyinta wajen giram 920 ne.

Ga yadda za mu yi lissafin: mu ninka yawan litoci da 920, sai mu sami giram.

Lita 1: giram 920.
Lita 5: kilo 4 da giram 600.
Lita 20: kilo 18 da giram 400.
Lita 25: kilo 23.
Babban cokali 1: wajen giram 14.

In kuma kilo aka rubuta mana, mu riƙe wannan: kilo 1 na mai ya yi lita 1 da babban cokali 6. Kilo 10 kusan lita 11 ne.

Misali, an rubuta wa ƙungiyar mata kilo 10 na mai, sai mai rabo ya auna musu lita 10. Giram 800 ya ɓace musu ke nan, kusan lita guda. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin cokalin mai a kunun yaro yana ƙara masa ƙarfi.

In za mu ɗora bido a kan sikeli, mu fara auna shi babu komai a ciki. Bayan mun zuba mai, mu sake aunawa, sannan mu ɗebe nauyin bidon.

Aikin gida:
1. Lita 10 ta man gyaɗa kilo nawa ne?
2. Kilo 1 na mai da lita 1 ta mai, wanne ya fi yawa?