Sankarar Mafitsara: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Mutanen Yola da Jimeta sun san tsargiya, kamar sauran mazauna bakin ruwa a ƙasar nan. Masuntan Kogin Binuwai da manoman rani na Tafkin Geriyo da yara masu wanka a kududdufi suna cikin haɗarin kamuwa da ita. Tsutsar takan fito daga jikin katantanwa, ta huda fata, ta girma cikin jijiyoyin jini, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. In aka shekara da shekaru ba magani, mikin yana iya rikiɗewa ya zama sankara. Tun 1911 wani likita, Ferguson, ya lura da haka a Alƙahira.

Inda Ƙarin Ya Tsiro

Mafitsara tamkar tulu ce. Bututu biyu ne ke kawo mata fitsari daga ƙoda, ɗaya kuma ke fitar da shi ta wuyanta. Ƙarin da ya tsiro can sama, wani lokaci akan yanke wannan sashen kaɗai. Wanda ya tsiro a wuya ko a bakin bututun ƙoda ya fi haɗari, domin yakan toshe hanya, fitsari ya taru, ƙoda ta kumbura ta lalace.

Zurfinsa ya fi kome muhimmanci. In bai wuce fatar ciki ba, likita yakan kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da tsaga ciki ba, ya zuba magani a mafitsarar. In ya shiga tsoka, sau da yawa sai an cire mafitsara ɗungum, a yi wa fitsari wata hanya. Irin da tsargiya ke haddasawa galibi ya riga ya shiga tsoka kafin a zo asibiti.

Batun Gado

Sankarar mafitsara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Amma akwai waɗanda suka gaji wata ƙwayar halitta, NAT2, irin mai nawa wajen narkar da dafin taba. In suna shan sigari, haɗarinsu ya ƙaru.

Shi kansa ƙarin yana da nasa canje-canjen da ba gadonsu aka yi ba. Canji a ƙwayar FGFR3 ya fi yawa a ƙarin da ke zama a fatar ciki, canji a TP53 kuwa a wanda ke cin tsoka. A 2019 Amurka ta amince da wani magani, erdafitinib, domin masu canjin FGFR3 waɗanda ciwonsu ya yi nisa.

Abin Yi

1. Jini a fitsari ba alamar balaga ba ce, ciwo ne. Duk wanda ya gani, ko sau ɗaya, ko babu zafi, ya je asibiti.
2. A sha praziquantel, maganin tsargiya, yadda ma'aikatan lafiya suka tsara.
3. Kada a yi fitsari a kogi ko tafki.
4. A bar shan sigari.
5. Babban mutum da jininsa bai tsaya ba bayan magani ya nemi ƙwararren likita, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.

Ba wanda ya zaɓi gadonsa, amma zuwa asibiti da wuri yana hannun kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.