Kumburin Jijiyoyin Ƙafa

Yara, ku sauke hannuwanku ƙasa ku dubi bayansu. Kun ga jijiyoyi sun taso? To, ku ɗaga su sama da kanku. Jijiyoyin sun kwanta, domin jini ya gangara.

Zuciya ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, sa'an nan ya komo gare ta. Wani likitan Ingila, William Harvey, shi ya bayyana wannan a shekarar 1628. Jinin da ya sauka ƙafa hawa yake yi kafin ya komo. Abu biyu ke taimakonsa. Na fari, naman sharaɓa, wanda ke matsa jijiyoyi duk sa'ad da muka taka. Na biyu, waɗansu ƙananan ƙyamare a cikin jijiyoyin, masu buɗewa jini ya haura, su rufe kada ya koma baya.

In ƙyamaren nan suka yi rauni, sai jini ya taru a ƙafa. Jijiyar ta kumbura, ta murɗe kamar igiya. Mai ita yakan ji nauyi da ciwo da ƙaiƙayi, musamman da maraice. Abin yakan bi gado. Ya fi samun mata, da tsofaffi, da masu ƙiba, da masu juna biyu, da masu wuni tsaye kamar mahauta da 'yan doka.

In aka ƙyale shi, fatar idon sawu takan yi duhu, wani lokaci har gyambo ya fito, ya daɗe bai warke ba, ya hana mutum neman abinci.

Ga abin da ya kamata a yi. A yi tafiya kullum, kada a daɗe tsaye ko zaune wuri guda. In an kwanta, a ɗora ƙafafu bisa matashi su fi ƙirji tudu. Likita yakan ba da wata safa mai matse ƙafa. Yana kuma iya toshe jijiyar da allura ko da zafi, ko ya cire ta, jini ya bi jijiyoyin da ke can ciki.

Kada a yarda a yi mata tsaga ko ƙaho, gama jininta ba ya saurin tsayawa. In ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, a hanzarta, watakila jini ne ya daskare a ciki.

Yau in kun koma gida, ku dubi ƙafafun kakanninku. In kun ga haka, ku kawo musu matashi, ku faɗa musu abin da kuka koya, cikin ladabi.

Tambayoyi
1. Me ke taimakon jini ya haura daga ƙafa?
2. Don me ba a yi wa jijiyar tsaga?
3. Me za ka yi in ta fashe?