Matokarin Ƙofa na Jikin Bango: Jan Hankali ga Magidantan Jos

Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, don haka iska ba ta rabuwa da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne ke kaɗawa, in kuma damina ta kama a watan Afrilu sai hadari ya taso da guguwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Da an bar taga a buɗe, sai ka ji ƙofa ta bugi bango garam. Duk wanda ya leƙa bayan ƙofofin gidajen haya a Unguwar Rogo, Gangare ko Bukuru, da wuya ya rasa ganin wani ɗan rami daidai inda mariƙin ƙofa ke sauka, filasta ta zube, fenti ya ɗaye.

Maganin wannan ɓarna shi ne matokari, wato ɗan guntun ƙarfe mai kan roba da ake kafawa a bango domin ya tare ƙofa kafin mariƙi ya isa. Akwai wanda ake kafawa a daɓe, amma gidan da ake yawo ba takalmi, ga yara na rarrafe, ga ɗauke wuta da dare, na ƙasa tuntuɓe ne kawai. Na bango ya fi kwanciyar hankali, kuma ba ya hana shara da goge tayil.

Kafin mai gida ya nufi kasuwar Building Materials da ke hanyar Bukuru, ya fara auna mariƙin ƙofarsa. In mariƙin ya fito santimita 6 daga jikin ƙofa, dole matokarin ya zarce haka, shi ya sa mai inci 3 ya fi shiga yawancin gidaje. Gajere kuwa asarar kuɗi ne, domin mariƙi zai riga shi kaiwa bango.

Sai nauyin ƙofa. Ƙofar katako marar nauyi irin ta ɗakin kwana, wadda kafintoci ke haɗawa da katakon Kasuwar Katako ta Laranto, mai sifirin ma ya ishe ta. Amma irin wannan ƙofa cikinta fanko ne, falle biyu ne kawai aka manna a kan firam, saboda haka a sa matokarin ya sauka a gefen ƙasa inda katako yake da kauri, in ba haka ba wata rana zai huda ta. Ƙofar ƙarfe ta shiga gida, ko ta mai walda ce ko irin ta China da Turkiyya da ake yayi yanzu, sai ƙarfe tsayayye marar tsatsa mai roba mai kauri. A ganin mai wannan rubutu, mai maganaɗisu ya fi dacewa da Jos, domin bayan tarewa yana riƙe ƙofa a buɗe, iska ba za ta maido ta ta datse yatsan yaro ba. Ƙyalli kuwa kada ya ruɗi kowa. Na kwalliya mai sauƙi a hannu, damina guda ke cinye shi.

Wajen kafawa ne aka fi kuskure. Yawancin ginin zamani da bulo mai rami ake yi, mai inci 6 ko 9. In huda ta faɗa cikin ramin bulon, sukuru ba zai sami abin kamawa ba, bugu kaɗan zai fizgo shi da filastar gaba ɗaya. A nemi inda siminti ya cika, a cusa ’yar robar nan da ke riƙe sukuru tukuna a ɗaure. Kada a huda daidai sama ko ƙasan soket da makunnin wuta, domin nan bututun waya ke bi.

A kuma kafa shi can wajen bakin ƙofa, nesa da pata. In ya matso kusa da pata, duk bugun da ƙofa ta yi ƙarfinsa kan pata yake komawa, sannu a hankali sukurorin su saki, ƙofa ta fara jan ƙasa.

Masu ƙananan yara su gwada robar kan tun a shago: in ta cire da ɗan ja, a ajiye a ɗauki wani, don yaro na iya kaiwa baki. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida kafin ya huda bango.