Kafin a Kira Iyayen Yaro Mai Buƙata ta Musamman

Aikina shi ne horar da malaman firamare kan koyar da yara masu buƙata ta musamman: kurame, makafi, masu farfaɗiya, waɗanda shan-inna ya taɓa, da waɗanda fahimta ke yi wa nauyi. Cikin duk abin da muke koyarwa, babu wanda malamai suka raina kamar zama da iyaye, kuma shi ya fi lalacewa a hannunsu. Malami ya iya rubutun makafi, ya iya maganar hannu, amma da an ce ya zauna da iyaye a tsara karatun ɗansu, sai ya ɗauko takarda yana karanto laifuffuka: ba ya zama wuri ɗaya, ba ya rubutu, yana dukan yara. Uba ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri Malam, za mu ja masa kunne." An tashi ke nan, ba a tsara komai ba. Sau da yawa bayan mako guda za ka tarar yaron ya daina zuwa, domin abin da iyayen suka ji shi ne makaranta ta gaji da ɗansu.

A Amurka doka ce ta tilasta irin wannan zama tun 1975. Kowane yaro mai nakasa da ke buƙatar koyarwa ta musamman a makarantar gwamnati ana rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa, iyayensa suna cikin masu tsarawa, ana sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan iyayen kurame ne ko ba sa jin Turanci, makaranta ce ke nemo tafinta. A Najeriya, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su buɗe musu ƙofa. Amma doka ba za ta zauna a ofishin hedimasta ta yi magana da uwar yaro ba. Malami ne zai yi, don haka sai an koya masa.

Abu na farko da nake tambayar malamai shi ne: wa kuka gayyata? Takarda takan tafi ga maigida, shi kuma ya zo, ko ya turo ƙaninsa. Alhali wadda ta san ƙarfe nawa yaron ke barci, da abin da ke tayar masa da hankali, da yadda ake lallashinsa, tana gida. Uwa ce, ko kaka, wani lokaci ma yayarsa 'yar shekara goma sha biyu da ke rako shi kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka a nemi izinin maigida cikin girmamawa a zo da ita, ko malama mace ta shiga gidan bayan la'asar. Kuma ko ta zo, a lura da wanda ke zaune kusa da ita. Matar da surukinta ke ɗakin ba za ta ce uffan ba. Idan yaron ɗan fari ne, tana iya ƙin ambatar sunansa, ta riƙa cewa "yaron nan" tana kallon gefe. Na ga malamai matasa, musamman waɗanda ba a nan suka tashi ba, sun fassara wannan da rashin kula. Alkunya ce. Ka ba ta wuri ita da malama su biyu, ka ji abin da babu shi a kowane fayil.

A wajen horo ba lacca nake yi a kan wannan ba, gwadawa muke yi. Ɗaya ya zama uba mai sauri zai koma kasuwa, ɗaya ta zama kakar da ta ce a bar mata jikanta, ɗaya ya jagoranci zaman. Sharaɗin shi ne bayan gaisuwa, jagora ba zai faɗi matsala ko ɗaya ba sai ya faɗi wani abu na gaskiya da yaron ya iya, sannan ya yi tambaya ya yi shiru. Shirun nan shi ke ba malamai wuya, domin mun saba mu ke magana a aji. Tambayar kuwa kada ta zama "Mene ne matsalarsa?" A ce, "Hajiya, idan yana son ruwa, yaya yake nuna miki?" ko "Baba, me kuke fatan ku ga ya iya kafin babbar Sallah?" Muna kuma jan kujeru daga bayan tebur, mu rage yawan ma'aikata. Mutum biyar da biro a hannu suna fuskantar mace ɗaya, ai ko ba a faɗa mata ba za ta ɗauka tuhumarta ake yi.

Maganar sanadi kan taso. Wani zai ce iska ce ta taɓa shi, wata ta ce sammu ne, ana kan yi masa rubutu da tofi. Ban yarda malami ya mai da zaman fagen musu ba, kuma ban yarda ya yi shiru kan abin da zai cutar da yaro ba. Ana iya cewa, "Allah ya ba shi lafiya, a ci gaba da addu'a, amma maganin asibitin nan kada a tsallake ko kwana ɗaya." Ga mai farfaɗiya, dole a yi maganar a fili: ba a ɗaukarta ta yawu, ba a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, idan ta wuce minti 5 a nufi asibiti. A rubuta wa za a kira, a kuma sanar da duk malaman da ke shiga ajin.

Sai abin da za a fita da shi. "A inganta karatunsa" ba buri ba ne, domin babu wanda zai iya cewa an cim masa ko ba a cim masa ba. Buri biyu ko uku sun isa zango guda, kowanne a gan shi da ido: ta rubuta sunanta ba tare da kwafa ba, ya je bayi da kansa lokacin tara, ya zauna a layin gaba kusa da allo. Kowanne kuma a san na makaranta da na gida. Misalin kurame ya fi nuna amfanin haka. Maganar hannun da ake koyarwa a yawancin makarantunmu ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. A gida kuwa yaro na da alamun da ya saba da su da uwarsa, ko maganar hannun da kuramen Kano da sauran garuruwan Hausa suka daɗe suna yi. Idan ba a zauna ba, yaro zai koma gida da yaren da babu mai ji. A zaman nan uwa za ta nuna wa malami alamunta na abinci da ciwo da fitsari, malami ya koya wa gidan alamu kaɗan duk mako, ko da ta ɗan bidiyon WhatsApp ne.

Yaron da kansa, idan ya yi wayo, a shigo da shi ko na minti kaɗan ne a tambaye shi abin da ke damunsa a aji. Wani abin da zai faɗa, kamar hasken taga da ke hana shi ganin allo, ranar za a gyara shi.

Takardar a rubuta ta da Hausa, shafi ɗaya, a karanta wa iyaye da baki kafin su sa hannu, domin ba kowa ke karanta boko ba. Su tafi da kwafi, makaranta ta ajiye ɗaya a inda malamin aji na gaba zai same shi. Kada a tashi sai an sa ranar zama na gaba, kuma a zaɓi ranar da ba ta kasuwar garin ba ce.