Yadda Ake Fitar da Man Shanu a Ƙasar Kurfai

Ka sani, ya mai karatu, Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci abubuwa bisa hali uku, watau daskararre da mai gudana da tururi, kuma zafi da sanyi ne sababin fitar abu daga wani hali zuwa wani. Matan Filinge da na ƙauyukan Dallol Bosso, inda shanun Azawak suka shahara har aka kafa musu gidan kiwo a Tukunus a shekarar 1954, suna aiki da wannan ƙa'ida kullum wajen fitar da mai.

Da farko akan tatsi madara a tsabtatacciyar ƙwarya, a zuba ɗan tsohon nono, a rufe da faifai ta kwana. Da yake maiƙo ya fi ruwa sauƙin nauyi, sai ya taso bisa, ragowar kuwa ta kama ta zama kindirmo. Da asuba, tun rana ba ta yi zafi ba, sai a juye a gora, a toshe baki, a yi ta kaɗawa har ƙwayoyin maiƙon nan da ido ba ya gani su haɗu su zama curi. Hikimar sammako ita ce man yana narkewa idan zafi ya kai wajen daraja 35, alhali bazarar Kurfai takan zarce 40. Sa'an nan a tsame shi, a wanke da ruwan randa mai sanyi domin ya ƙara tauri.

Amma kimanin sudusin ɗanyen man ruwa ne, shi ke gaggauta ɓacinsa, saboda haka ake soya shi. A ɗora tukunya bisa wuta marar ƙarfi, ya narke, ya shiga kumfa yana tsartsatsi, domin ruwan da ke ciki ya kai daraja 100 yana fita tururi. Idan ƙarar ta ɗauke, man ya yi garau, gutsattsarin nono suka kwanta ƙasa suka yi ja, to, ruwa ya ƙare, wajibi ne a sauke nan take kada ya ƙone.

Daga nan a tace a busasshiyar kwalba, ya ɗauki siffarta kamar yadda ɗabi'ar kowane mai gudana take. Da hunturu ya daskare, da bazara ya narke, kuma yakan yi watanni bai ɓaci ba, muddin ba a tsoma masa jiƙaƙƙen cokali ba.